Munaf Buksh, Kafintan da Ya Dawo Ya Rushe Aikinsa

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, 2025, wajen ƙarfe tara na safe, ina shanya wanki a ƙarƙashin rumfa saboda ruwan da ya kwana uku bai ɗauke ba, sai na ga Viliame tsaye a bakin shingenmu, hularsa a hannu. Bai shigo ba, bai kuma gaishe ni ba. Ya ce, "Sista, Mistri ya tafi." Haka na sami labarin rasuwarka, Munaf Buksh, kafintan garinmu Navua, kana da shekara sittin da takwas, bayan wata biyar kana fama da ciwon zuciya. Viliame, abokin aikinka na shekara talatin da ɗaya, ya ce ka idar da sallar asuba a zaune, ka nemi shayi, kafin matarka Jaitun ta kawo maka, rai ya yi halinsa. Da na isa gidanka na tarar da 'ya'yanka suna ta maimaita cewa daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ni 'yar coci ce, amma ban san wata magana da ta fi wannan dacewa da ranar ba.

Ba dangi ba ne mu. Ni nas ce da ta yi ritaya, shi ya sa kake kirana Sista. Kai kuwa kowa Mistri yake ce maka, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a, har akwai waɗanda suka girma suka yi aure ba su san sunanka na yanka ba. Katako ne ya haɗa mu.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da ruwa yake yi wa itace. Takalmi ya kwana biyu a bayan ƙofa sai ya yi fumfuna, balle barandar katako da ke shan ruwa ta sama, tana shan danshi ta ƙasa. Gidajenmu a kan dirkoki suke saboda ambaliyar kogi, rayuwarmu kuma rabinta a baranda take: a nan ake shan shayi, a nan ake tsefe kai, a nan ake sasanta masu faɗa. Kai ne ka gina mafi yawansu. Ba ka aiki sai da katako mai magani, wanda ake ɗura wa maganin gara da ruɓa da ƙarfin inji har ya ratsa cikinsa, ya fito kore-kore. Tsakanin katako da katako kakan bar tazarar kaurin ƙusa don ruwa ya sami hanyar wucewa. Ƙusa kuwa sai wadda ba ta tsatsa, domin ka ce maganin cinye ƙusar gama-gari yake yi. In an gayyace ka shan shayi, ba ka zama sai ka taka barandar mai gida daga wannan kusurwa zuwa waccan kana bugawa da diddige, kanka a karkace kana saurare. Jaitun takan ce ta daina jin kunyar wannan hali tun da daɗewa.

A shekarar 2012, bayan rasuwar mijina, ka yi mana sabuwar baranda ta ɓangaren kogi. Ka gama ana saura kwana biyu Kirsimeti. Ranar bikin, ƙanin mijina Sakiusa ya kwashe guntayen katakon da suka rage ya jera su a ramin da muke gasa nama a ciki, ya ɗora duwatsu, ya kunna wuta. Allah ya sa ka manta igiyar awonka ka dawo ɗauka. Ban taɓa ganin ka da gudu ba sai ranar. Ka fizgi bokitin wanke-wanke ka sheƙa wa wutar, ka shiga zaro guntayen da hannu.

Sakiusa ya ce, "Mistri, kai da ba ka cin alade, ina ruwanka da wutarmu?"

Ka ce, "Ba na ci, amma ina son masu cin. Hayaƙin nan guba ne, tokarsa ma guba ce. So kake ka dafa wa gida guda ajalinsu?"

Ka koma gida ka ciko bayan motarka da busasshen itacen mangwaro ka kawo. Ni da na yi shekara talatin a asibiti ban san wannan ba, na kuma ji kunya. Daga ranar, duk inda ka yi aiki sai ka tattara guntaye da garin zarto a buhu ka tafi da su.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da garin nan ya sani gutsi-gutsi, ina so a san shi cikakke.

Shekara huɗu bayan haka, saura kwana tara auren 'yata Talica, ka zo gidana da sassafe tare da Viliame, da guduma da ƙarfen ɓanɓare katako. Na ɗauka gaisuwar biki ka kawo. Ko zama ba ka yi ba ka ce, "Sista, kada kowa ya ƙara hawa barandar nan. Yau zan rushe ta."

Barandar da na shafe da mai a makon da ya wuce, tana ta ƙyalli. Barandar da za ta ɗauki baƙi sittin, da dangin ango da za su sauko daga ƙauyensu ta kogi. Raina ya ɓaci. Na ce ka ha'ince ni don ka ga mijina ya mutu, yanzu kuma ka zo ka kunyata ni a gaban surukai. Na kira ka maha'inci da babbar murya, maƙwabta suna ji, Viliame yana tsaye kansa a ƙasa. Ka bar ni har na gama, sannan ka ce, "Sauko ki gani."

Muka shiga ƙarƙashin gidan. Ka miƙo mini sukudireba, ka nuna mini babban katakon da ke ɗauke da sauran, ka ce in soka. Na soka da fushi. Ta shige har ƙota kamar na soki nunanniyar gwanda, baƙin ruwa ya biyo hannuna. Na ɗaga kai. Daidai wurin na shirya ajiye kujerar mahaifiyata, mai shekara tamanin da huɗu, kuma daga nan zuwa ƙasa ya fi tsayin mutum. Na zauna a cikin taɓo.

A nan ka ba ni labari. Kwana biyu kafin nan ka je gyaran matakala a wani gida, ka yanka wani katako da ka kafa da hannunka, sai ka ga cikinsa fari fat. Koren a fata kawai ya tsaya. Wani dillali ne ya sayar maka da lodi guda a waccan shekarar, katakon da aka tsoma a magani aka tsame ba tare da an ɗura masa ba. Dillalin ya daɗe da rufe shago ya bar garin. Ka zauna ka tuna duk inda lodin ya shiga: gida goma sha ɗaya. Ka fara da nawa saboda bikin.

Ka ce, "Laifina ne. Na ga kore na yarda, ban yanka na duba cikinsa ba."

Na sha tunanin wannan magana. Da ka yi shiru, ba wanda zai zarge ka. A Navua katako yakan ruɓe, kowa ya sani, ruwa za a ɗora wa laifi. Kai kaɗai ka ga farin nan, kai da Allahnka.

Kwana takwas kuka yi kai da Viliame, biyar daga ciki a cikin ruwan sama, kun yafa buhun leda. Duk katakon da aka sauke sai ka yanke bakinsa, ka kira ni in ga koren ya kai tsakiya, sannan ka kafa. Ba ka bar aikin ba sai don sallar Juma'a. Ka buga ƙusar ƙarshe ana saura kwana ɗaya. Ranar biki, da aka fara rawa baranda ta cika, na nemi ka na rasa. Ashe kana ƙarƙashin gidan cikin farar rigarka ta fita, hannunka a kan dirka, kana kallon sama. A can Jaitun ta kai maka kifin da muka dafa muku dabam, a can ka ci, a tsaye.

Sauran gidaje goman suka ɗauke ka wata goma sha huɗu, Asabar da Lahadi, ba tare da ka karɓi ko kwabo ba. Ka sayar da ƙaramin jirgin ruwanka, wanda kake fita kamun kifi da shi a bakin kogi, ka sayi katako. Wani mai gida ya kore ka har sau biyu, ka koma na uku. Wasu suka daina ba ka aiki, suka ce kafintan da bai san katako ba. Ba zan ce gaskiyarka ta azurta ka ba, domin ba ta yi ba. Jirgin bai dawo ba. Abin da na sani shi ne, a gidajen nan goma sha ɗaya ba wanda ya faɗo.

Ni kuwa na yi shekara da shekaru ban ba ka haƙuri ba. Na aika muku gwaza da ayaba, na riƙa auna maka jini, na zauna da Jaitun lokacin da ta karye a hannu. Na yi komai ban da buɗe baki. Sai a watan jiya, da na zo duba ka na tarar ƙafafunka sun kumbura, numfashi yana yi maka wuya, na gane lokaci ya ƙure mini. Na ce, "Mistri, maganar da na faɗa maka a waccan shekarar..."

Ka ce, "Wacce? Ai da yawa kika faɗa."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da ya lafa ka ce, "Na yafe tun a ƙarƙashin gidan, da na ga fuskarki. Yanzu duba mini ƙafar nan, Sista, ki bar kukan."

An binne ka a ranar da ka rasu, bayan la'asar. Mu mata muna gida tare da Jaitun, amma Sakiusa ya je, ya ce bai taɓa ganin mutanen masallaci da na coci da na haikali sun cika maƙabarta haka ba. Shi ya gaya mini cewa Viliame ya roƙi liman a bar shi ya yanka katakan da ake jerawa a cikin kabari, liman ya yarda. Ya zaɓo mafi kyan katako mai magani a rumfarka, sai ɗanka Imtiyaz ya tsayar da shi, ya ce ka bar wasiyya: farin katako kake so, marar magani, wanda zai koma ƙasa tare da kai. Viliame ya mayar, ya ɗauko farin, ya yanka da zartonka yana share ido da kafaɗa.

Allah ya jiƙanka, Munaf. Ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya sa ka huta. Yadda ka tsare rayukan mutane ba tare da kowa ya tilasta ka ba, Allah ya tsare ka daga abin da ake tsoro, ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Imtiyaz da ƙanwarsa Nazrin da jikokinka biyar, da jama'ar masallacinku, da Viliame wanda ya rasa ɗan'uwan da ba uwa ɗaya ta haife su ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci abin da Munaf ya bari. Ke kuma Jaitun, 'yar'uwata, na riga ki shiga wannan hanyar da shekara goma sha uku, na san watannin farko ba su fi na bayansu wuya ba. In masu gaisuwa sun watse gida ya yi shiru, ba sai kin aiko ba. Zan zo.

Unaisi Delana
Navua