Mai Jiran Fada a Tashar Tanut

A tashar Tanut, wata baƙuwa tana zaune kusa da teburin Gajere mai shayi, inda nake shan shayi. Doguwa ce, leɓɓanta duk sun tsage, tana jan carbi mai ɗan gicciye. A bakin zanenta ta ɗaure takalmin yaro, ƙafa ɗaya. Ina zaton ita da yaron suka shiga hamada, ita kaɗai ta fito.

Gajere ya ce motar Agadas ce ta sauke ta, ita kaɗai. "Fada take jira, limaminsu na Katolika. Wai sai sun faɗa masa laifinsu a kunne hankalinsu yake kwanciya. Ni kuwa, malam, rabona da ganin fada har na manta."

Motar Damagaram ta tsaya. Wani dattijo cikin farar jallabiya yana saukowa, sai ta zabura ta durƙusa gabansa, ta ɗauka fada ne. Tana magana ƙasa-ƙasa cikin Faransanci, hannunta a kan takalmin.

Dattijon falke ne, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ɗauka bara take yi.

"Allah ya ba da haƙuri, baiwar Allah," ya ce, ya wuce.

Tana nan durƙushe, bakinta yana motsi. Ba ta gama faɗin laifinta ba.