Littafin da Maigidana Ya Yi Wa Guga

Abubuwa da yawa na zamanmu sun fara dushe mini, amma ranar da marigayi maigidana ya yi wa littafi guga tana nan daram a raina.

Muna da shagon maganin dabbobi kusa da kasuwar Filinge. Akwai kwamfuta a ciki, da manhajar da ke kula da shigar kaya da fitarsu, shi kaɗai kuma ya iya ta. Ni nawa in miƙa magani. Da likita ya ce masa sai ya tafi asibiti a Yamai ya daɗe, damuwarsa ɗaya ce: in ban iya manhajar nan ba, sai dai a rufe shago, a daidai lokacin da makiyaya ke sauko da dabbobi.

Manhajar tana da maɓallin taimako, kana dannawa ta yi maka bayani da Faransanci. Na ce masa ni tsoron dannawa nake. Ya ce, "To, sai in hiddo miki shi duka bisa takarda."

Ya buga wa wani ɗan ƙanensa da ke karatu a Yamai waya, shi kuwa ya faɗa masa yadda zai umarci manhajar ta tattaro duk bayanan taimakon nan wuri ɗaya, babi babi, ta shirya su don bugawa. Abin ya yi kyau a fuskar kwamfuta. Sai dai ba wanda ya tuna cewa injin bugawar da muke da shi ɗaya ne tak, ɗan ƙaramin nan na resi, wato shaidar ciniki, mai takarda siririya kamar bandeji.

Ya danna. Takarda ta fara fitowa, ta sauka daga tebur, ta taru a ƙasa, ta nufi ƙofa. Nadi ya ƙare, ya sa wani. Tela maƙwabcinmu, abokin wasansa, ya leƙo ya ce, "Malam, rawani kake saƙa wa bijimi?"

"Littahi ne, jahili."

"Littahin da za a karanta da tahiya? Ka ba Hajiya babin hwarko nan, na ƙarshe ta same shi can garin Damana."

Maigidana bai kula shi ba. Ya ari almakashinsa, ya yanyanka takardar tsawon tafin hannu, don a ɗinke ta zama littafi. Amma kowane yanki da ya aje sai ya nannaɗe kansa. Ya danne da dutse, ya danne da kwalaben magani, har zama ya yi a kansu. Yana tashi suka koma yadda suke.

Sai ya ce wa tela, "Kawo dutsen gugarka."

Mutum ne mai son tsari, Allah ya ji ƙansa. Ya shimfiɗa zane, ya jera shafukan, ya hura gawayi, ya yi bismillah, ya bi ta kansu a hankali kamar yana guge babbar rigar Sallah. Ba mu san cewa irin wannan takarda da zafi take rubutu ba. Da ya ɗaga dutsen, shafukan sun miƙe sarai, kuma sun yi baƙi ƙirin, babu harafi ko ɗaya.

Ya ce wutar ce ta yi yawa. Ya rage gawayi, ya gwada wasu. Waɗannan suka fito ruwan toka mai duhu.

Tela ya riƙe ciki ya zame jikin bango. "Hajiya, mijinki ya gasa ilimi. Saura yaji!"

Na so in daure don kada in ba shi kunya, amma da na ga yadda yake juya baƙar takardar yana duba bayanta, ko rubutun ya koma can, sai dariya ta ƙwace mini. Ya harare ni, sannan shi ma ya fashe, har tari ya kama shi.

Da ya huta, ya jawo kujera gaban kwamfuta ya ce, "Zo ki zamna. Danna, ba ya cizo." Na danna maɓallin taimakon. Daga ranar har ya tafi, kullum bayan la'asar muna nan, ina karantowa da ɗan Faransancina na firamare, shi yana gyara mini, yana cewa in sake.

Ya tafi Yamai, ya dawo, bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Shagon bai rufu ba, har yau ni ke buɗe shi.

Shafukan da guga bai kai gare su ba na adana su cikin gwangwani. Bara na buɗe, na tarar zafin garinmu ya shanye rubutun, sun koma fari fat. Ban ji komai ba a kan haka, don duk abin da ke ciki na iya shi, kuma da muryarsa nake tuna shi. Abin da na koya ke nan: in kana son barin wa mutum sani, ka jawo masa kujera kusa da kai tun kana da lafiyar zama.