Rabin Garwar da Na Shayar da Kajina

Kiwon kajin gidan gona wahala ne, kuma duk wanda ya ce maka ba wahala ba ne, bai taɓa ɗauko ruwa a ka daga rafi zuwa gona a tsakiyar bazara ba. Malam Edita, ni ba mai ilimi ba ne. Allo kaɗan na yi, sai yaƙi da jahilci na 'yan watanni, da shi nake harhaɗa wannan rubutu. In ka ga ya karkace ka gyara, amma kada ka rage komai, don abin ya daɗe yana cina a rai.

Lokacin an gama yaƙin basasa, Kontagora tana ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanka mana jihar Neja ba tukuna. Ina da shekara arba'in da 'yan kai. In kaka ta yi ina dako a kasuwar auduga, sauran shekara ina noma wata 'yar gona a bayan gari. Bayana ya fara ƙin buhu, shi ya sa da malamin gona ya kawo wasu jajayen kaji manya masu yawan ƙwai, na karɓi talatin. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce waɗannan ba irin kajin gida ba ne da za a sake su su yi tonon bola su sha a makwarara. A killace su a inuwa, a ba su dusa da ɓarzajjiyar dawa da dakakken ƙuli-ƙuli, a ƙona ƙashi a daka a barbaɗa, a rataya musu ganye. Ruwa kuwa, ya maimaita ya fi sau uku, mai tsabta, a mazubi mai tsabta, safe da yamma. Na riƙe maganar abinci da kyau. Maganar ruwa kuwa na ce a raina, kaza ce fa, wace ƙazanta ce ba ta sha?

Da bazara ta kama, rijiyar gona ta ƙafe. Kaskon ƙasa da nake zuba musu ruwa ƙarami ne, kafin azahar ya bushe, in bai bushe ba sun hau sun kifar. Sai in iske su baki buɗe, fiffike a ƙasa, suna haki. Ƙwai ya ragu. Ina zuwa rafi sau huɗu a rana, wuyana kamar zai tsinke. Wata rana a bayan shagon da ake ajiye kayan auduga na ga garewani biyu na maganin feshi, babu komai a ciki, an ware su za a binne. A jikinsu akwai rubutun Turanci da ban iya ba, amma akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa, wannan ko jaki ya san abin da yake nufi. Ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na sani. Na ɗauko ɗaya, na raba ta biyu, na dirje da yashi da toka, na ɗauraye. Rabi na ruwa, rabi na kwaɓa dusa. Na ji daɗi ƙwarai ranar, don ruwan safe ya kai yamma.

Wani Bafulatani da yake wucewa da shanu ta gefen gonata ya tsaya neman ruwa, na nuna masa garwar. Ya durƙusa ya sansana, ya miƙe yana yamutsa fuska. Ya ce mini, cikin irin Hausarsa, ko akuyar maƙiyinsa ba zai shayar da wannan ba. Na yi masa tsiya, na ce mutumin da yake shan ruwan da shanu suka tattake shi ne zai koya mini tsabta? Ya yi dariya ya ce ruwan da saniya ta taka bai taɓa warin asibiti ba, ya kaɗa shanunsa ya tafi. Gaskiyarsa ce. In rana ta bugi ƙarfen nan, wani wari yake tasowa daga lungun da aka like, inda yashi bai kai ba.

A kwanakin nan 'yata ta fari tana gida. An aurar da ita Rijau, ta dawo haihuwar fari, ta sami ɗa namiji, tana wankan jego, kwananta goma sha biyu. Ka san halinmu da ɗan fari. Tunda aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In zan yi maganarta sai in ce wa uwarta, yarinyar nan. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka tarar. Amma Allah ya sani duk cikin 'ya'yana babu wadda nake ji kamarta. Tun tana da ciki nake lissafin cewa in ta sauka, kajin nan nawa za ta ci har ta ture, tunda baki ba zai iya faɗa mata ba.

Kwana na uku da fara amfani da garwar, na zo da safe na iske kaji huɗu sun mutu, wasu suna tangaɗi, suna karkarwa, yawu na zuba daga bakinsu. Na ce ciwon kaji ne da yake zuwa duk shekara. Na faɗa wa kaina haka don shi ne ya fi sauƙi. Sai na yi abin da kowa yake yi a garinmu in kaza ta fara layi, wato a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Na zaɓi biyu da suka fi ƙiba na yanka, na kai gida, na ce wa uwarta ga na mai jego. Ta yi murna, har tana yi mini ba'a, wai yau mai rowar ƙwai ya yanka uwar ƙwai. Ta yi farfesu da yajin jego. Hanta da ƙundu da romo duk aka kai mata ɗaki, ba wanda ya taɓa, don nata ne.

Bayan azahar ina zaune a zaure, na tashi na zagaya bayan rumbu, sai na ga kyanwar gidanmu a kwance tana shure-shure, kumfa a bakinta. Kusa da ita ga ragowar hanjin kajin da aka zubar. Irin karkarwar da na gani a gona da safe, ita ce sak. Malam Edita, na durƙusa ina duba ta. Ban gama miƙewa ba na ji salatin mata daga cikin gida.

Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ban shiga ba. Ina hango ta ta gefen asabari. Tana amai, gumi ya jiƙa ta sharkaf, hannuwanta suna rawa, haƙoranta suna haɗuwa. Maƙwabta mata suka cika ɗakin. Wata ta ce iska ce, jego ba ya son fita da rana tsaka. Wata ta ce ruwan wankan ne bai yi zafi ba. Aka kawo garwashi aka fara hayaƙi. Ni kaɗai na san abin da yake cikinta, kuma na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da na rubuto in faɗa. Tsoro ya kama ni ta ko'ina. Tsoron ta mutu, tsoron surukaina na Rijau da suka ba ni amanar matar ɗansu, tsoron 'yan sanda, tsoron a ce a gari ga mutumin da ya ba 'yarsa guba. Ina tsaye ina roƙon Allah ya sa aman ya fitar da shi, kowa ya ce iska ce, a wuce wurin. 'Yata tana mutuwa ina lissafin mutuncina. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma ya isa a yi alwala a yi salla a idar.

Jaririn ne ya fasa ni. Ya tsala kuka, sai na ga uwarta ta ɗauko shi za ta kanga shi a nonon mai jegon ko zai yi shiru. Ban san lokacin da na banke asabarin na faɗa ɗakin ba. Na ce kada a ba shi, guba ce a jikinta, ni na kawo. Na faɗi komai a tsaye, garwa da kaji da kyanwa. Matata ba ta yi ihu ba. Ta dube ni kawai ta tambaye ni ko na ga hoton da ake sawa a jikin irin wannan garwar. Na ce na gani. Ta ce to, maigida, je ka nemo amalanke.

Muka shimfiɗa ta a amalanken dako, ni na tura, uwarta tana bi da gudu. A hanya jikinta ya sanƙare, idonta ya juye. A nan, a tsakiyar titi, gaban masu tireda da masu keke, na kira sunanta. Na kira da ƙarfi, na sake kira, ban daina ba har ƙofar asibiti. Shekara goma sha tara sunan yana bakina ban furta ba.

Malamin asibitin da ya karɓe mu ya tambayi abin da ta ci, na faɗa masa ban ɓoye ba. Ya ce in ruga in kawo garwar. Na tafi gona da gudu na dawo da rabin da yake da rubutu. Ya karanta, ya dube ni, ya ce Baba, da ka zo kana cewa iska ce, da maganin da zan ba ta daban ne, kuma da ba ta kai la'asar sakaliya ba. Suka zura mata roba ta baki suka wanke cikin, suka yi allura, suka ɗaura ruwa. Ya ce kada jariri ya sha nononta sai ya ba da izini, wata maƙwabciyarmu mai goyo ta karɓe shi. Ni kuwa na zauna a ƙasa a jikin bango. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai in duba fuskarsa.

Ana kiran magariba uwarta ta fito. Ta ce ta buɗe ido, kuma bayan ta tambayi ɗanta, abin da ta fara tambaya shi ne, wai da gaske Baba ne yake kiran sunanta a hanya, ko mafarki ta yi? Na rufe fuska da hula.

Ta rayu. Hannunta ya yi wata biyu yana rawa in ta ɗauki kwano, daga baya ya daina. Yanzu 'ya'yanta huɗu. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ne ban yafe wa kaina ba. Abin da nake so masu kiwo su ji shi ne, abin da ka zuba wa kaza, iyalinka ka zuba wa, don can zai ƙare, ko a ƙwai ko a tukunya. Garwar maganin feshi ba ta wankuwa, ko ka dirje ta har hannunka ya yi jini. A huda ta a binne. Kazar da ba ka san abin da yake kashe ta ba, kada ka yi saurin sa mata wuƙa don gudun asara. Wuƙa tana hana ta zama mushe, ba ta fitar da abin da ta sha. In kuma ka riga ka yi ɓarnar, ka faɗa da wuri. Kunyar da nake gudu na sha ta, mutane sun yi magana sun gaji, ba ta kashe ni ba. Shirun da na yi ne ya kusa kashe mini 'ya.

Washegarin ranar da muka kai ta asibiti, da na idar da asuba na ɗauki fartanya na tafi gona. Cikin talatin, bakwai na iske a tsaye. Na haƙa rami har ƙuguna, na zuba matattun, na huda garwar nan rabi da rabi, har da wanda na dawo da shi daga asibiti, na jefa a kai, na rufe, na ɗora duwatsu don kada kare ya tona. Na biya wajen mai ginin tukwane na ɗauko manyan kasake uku, na wanke, na kafa su a inuwa da duwatsu a gefe don kada su kife. Na je rafi na ɗebo ruwa na cika. Kafin in buɗe wa kajin, na durƙusa na kafa bakina a kaskon farko na sha, na sha a na biyu, na sha a na uku. Sannan na buɗe musu.