Jar Ciyawar da Na So In Raɗa wa Sunan Baba

Shekara uku na yi ina hawa bas daga unguwar Thamesmead a London, in shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in sauka Bloomsbury inda ɗakin bincikenmu yake, duk saboda jar ciyawar teku. Aikina shi ne tantance jinsinta. Ido ba ya raba su: biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, alhali kowace da danginta. Don haka sai mu gutsuri ɗan ganye, mu niƙa, mu ciro DNA, mu karanta wani gajeren yanki nasa, mu gwada da na waɗanda aka riga aka sani. In ya dace, ka san sunanta. In bai dace ba, wataƙila sabuwa ce, kuma kai za ka raɗa mata suna.

A shekara ta biyu na samo wata a gaɓar kudancin Ingila, manne a ƙarƙashin dutse, ja wur kamar hanta. Sau uku ina gwadawa, ba ta dace da kowace ba. Malamar da ke duba aikina, wata dattijuwar Baturiya marar yawan magana, ta ce, "Kada ki yi saurin murna." Ni kuwa na riga na yi.

Ranar na kira Baba a Kano. Lokacin ciwon ƙoda ya fara kwantar da shi.

"Baba, na samo wata ciyawa da ba wanda ya taɓa sa mata suna. Naka zan sa mata."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ciyawa kuma, uwata? To, Allah ya yi albarka. Amma yaushe za ki zo?"

"Nan da wata uku, in sha Allahu. Da na gama."

Na yi booking ɗin jirgi, daga baya na ɗaga tafiyar. Malamar ta ce dole mu gwada da tsofaffin busassun ganyen da ke ajiye a gidan tarihi, don akwai waɗanda aka sa wa suna tun da daɗewa amma ba a taɓa karanta DNA ɗinsu ba. Izinin gutsurarsu ya ci watanni. Na sake ɗagawa. Ba wanda ya hana ni tafiya. Ni ce na so in je masa da abu a hannu.

Ranar wata Talata ina wanke kwalabe Yaya ya kira ni. Kafin in isa flat ɗina an riga an kai Baba makwancinsa.

Bayan mako shida sakamako ya fito. Wani ganye da ya dafe a jikin takarda, wanda wani ya tsinta fiye da shekara ɗari da suka wuce, ya dace da tawa daidai wa daida. Ashe tana da sunanta tuntuni.

"Wannan ma sakamako ne," in ji malamar. "Kin cike giɓi."

Gaskiya ta faɗa. Aikin ya fito a layi ɗaya cikin wani dogon jadawali.

Sai bayan arba'in na je gida. Ina zaune a ɗakin Inna muna tsince shinkafa, ta ce duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya ba shi labarin ciyawar, har maƙwabta suna tsokanarsa.

"An dai sa sunan ko?"

"Ba a sa ba, Inna. Ashe ba sabuwa ba ce."

Ta daɗe tana juya shinkafar da yatsa. Sannan ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta miƙe ta fita da faifan.

Da na dawo London, tallafin binciken ya ƙare, ba a sabunta ba. Yanzu a ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake, ina manna lamba a jikin kwalabe daga safe zuwa la'asar. Malamar ta rubuto mini sau biyu, wai akwai sauran ganye a firiza da ban karanta ba. Har yau ban ba ta amsa ba.