Taku Arba'in na Baba Garma

Baba Garma ake ce masa, domin shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan garma da taraktar ma'aikatar gandun daji. Aikinsa ba noma ba ne. Da zarar ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara canza launi, sai ya fita ya share layi mai faɗi a gefen daji, ya bar ƙasa tsirara, yadda in gobara ta taso za ta iske babu abin ci ta tsaya. Layin yakan tafi har bakin iyaka, inda aka kafa wani ginshiƙin siminti da bai wuce ƙugun mutum ba.

A ɗaya ƙasar ma akwai mai irin aikinsa, ana kiransa Gajere, ko da yake sai Baba ya ɗaga kai yake ganin fuskarsa. Takardar kowace ƙasa ta ce abin hawan gwamnati ya tsaya taku ashirin kafin ginshiƙi. Ashirin nan, ashirin can, taku arba'in ke nan na ciyawa ba mai shi. Waɗanda suka rubuta takardar, Allah ya ba su lada, ba su taɓa ganin gudun wuta ba in iska ta goya ta.

Su biyun sun gani. Shi ya sa duk shekara, ranar da suka haɗu a wurin, ɗaya yakan juya baya yana zuba shayi daga fulas, ɗayan ya sauke garma ya wuce. Bana Baba, baɗi Gajere. Ba wanda ya ga komai.

"Layinka ya karkace, tsoho," in ji Gajere. "Sai ka ce wutsiyar kare."

"Ni dai miƙe na tafi. Ƙasarku ce karkatacciya."

Haka suka yi ta yi har furfura ta kama su.

Ya rage wa Baba wata biyar ya ajiye aiki sai abubuwa biyu suka faru. Gajere ya sami shanyewar ɓarin jiki, aka ba wani taraktarsa. A nan kuma aka kawo sabon shugaba, mutumin kirki mai son takarda, ya sa aka liƙa wa kowace mota na'urar da ke nuna inda ta taka. Ya kuma faɗa a fili: duk wanda ya ƙetare, a bakin aikinsa.

Baba ya same shi a ofis, fanka tana kaɗa gefen wata babbar taswira da ke bango. Ya daɗe yana duban jan layin da ya raba taswirar biyu.

"Ranka ya daɗe, wannan layin, an sanar da wuta kuwa?"

Shugaban ya yi dariya, sannan ya daina. Nan take ya rubuta wa takwaransa na can wasiƙa.

"Amsa za ta zo, Baba."

"To. Allah ya kawo ta kafin iska."

Sati uku babu amsa. Ciyawar taku arba'in ɗin ta fi Baba tsawo, ta bushe har tana ƙara in an taɓa ta. Bayanta ta wannan gefen akwai gonaki da ba a gama kwashe amfaninsu ba, da ƙauyen da 'yarsa take aure. Ta can gefen kuwa gidan Gajere ne na farko.

Wata safiya uwargidan Baba ta ga yana ta jujjuya kofi a hannu.

"Malam, ko ka sha ko ka ajiye. Na san abin da ke ranka. Wata biyar fa ya rage, kada ka ɓata rawarka da tsalle."

"Ban ce zan taɓa tarakta ba." Ya ajiye kofin. "Laujen nan da yake bayan ƙofa, yana da kaifi?"

"Da wannan bayan naka?"

"Shi kaɗai gare ni."

Ranar hutunsa ya ɗaure lauje da fartanya a bayan keke. Yana isa ya ji motsi a cikin ciyawar ta ɗaya gefen. Ya kutsa ya leƙa. Gajere ne zaune a kujerar roba, sanda a cinya, hannu ɗaya a kwance kamar ba nasa ba. Matarsa da babbar 'yarsa suna yanka, har sun ci taku biyar.

"Ka makara," in ji Gajere. Maganar tana fita da ƙyar ta gefen baki. "Bana ai naka ne."

"Na ga ka ɗauki ma'aikata."

"Ba sa jin magana."

"Sannu da zuwa, Baba," in ji 'yar Gajere. "Tun safe yake mana faɗa wai layinmu bai miƙe ba."

Abin da garma take yi kafin shayi ya huce, kwana uku ya ci musu. Suka yanke, suka kwashe, suka kankare saiwa da fartanya. Ranar ƙarshe sai da matar Gajere ta kama hannun Baba kafin ya iya miƙewa.

Wutar ta zo bayan sati biyu, da rana tsaka, daga cikin daji ta can gefen. Ta iso layin, ta bi shi tana neman ƙofa, ba ta samu ba, ta kwanta. Amsar wasiƙa ta iso daga baya. Gajere bai ga damina ta gaba ba.

Yanzu ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniya. Babbar mota ɗaya ke share wurin a tafiya ɗaya, direbanta da na ɗaya ƙasar su ɗaga wa juna hannu ta gilashi su wuce. Baba ya ce hakan ya fi, kuma da gaske yake. Yana nan a ƙofar gida, ya sunkuya kaɗan. Jikokinsa suna cewa tsufa ne ya tanƙwara shi, shi kuwa bai taɓa gyara musu zance ba.