Sunayen da Na Rubuta a Bayan Hoto

Jiya ina gyaran ɗaki na tsinci baƙin ƙyallen da kawuna yake lulluɓa da shi in zai ɗauki hoto. Har yanzu yana warin ruwan wankin hoto, tsami-tsami, mai hawa hanci.

Marigayin ba ya ajiye hoto sai an rubuta sunan mai shi a baya. Shi bai iya boko ba, ni kuwa na yi lakwal, ga keken ɗinkina a rumfarsa a Konni. Don haka ni ke rubutawa.

A shekarar yunwa manoma suka yi zanga-zanga zuwa buro, ofishin hukuma, suna ɗaga kwanon awo babu komai ciki. Kawu ya ɗauke su hoto, yana fatan wata jarida ta buga. Na bi fuska-fuska na rubuta sunan kowa, har da garinsu, don ina tsoron a buga kuskure.

Kwana uku, jandarma suka kwashe hotunan. Ba su sha wahalar bincike ba.

Matar wani mutumin Tsarnawa da aka kama ta zo rumfa, leɓenta a bushe.

"Malam, kai ka ba su sunan maigidana?"

Kawu bai daina goge gilashin na'urarsa ba. Ya nuna ni da haɓa.

"Ni fuska nika ɗauka, baiwar Allah. Suna kam, ga ɗan lakwal nan."

Ta dube ni, ba ta ko zage ni ba. Mijinta bai dawo ba.

Allah Ya jiƙan Kawu. In an tambaye shi wannan magana a can, Allah Ya sa ya ce mu biyu ne.