Wayar da Aka Ja a Kan Burtali

Baffa Iro, ƙanen mahaifina, shi ya raba ni da karatu ina aji biyu, kuma shi ya tsaya a ƙofar masallacin garinmu ya ce wa jama'a na kafirta, alhali ko azumi ban fara ba. Yau ga furfura a gemuna, ina facin taya a bakin tashar Dutsin-Ma, amma in na je gida tsofaffi ba su san ni da Lawal ba, sai Ɗan-Mishan. Ban iya kwana-kwana ba, shi ya sa na fara da sunansa.

A wani ƙauye na tashi a ƙasar Rawayau, kafin Turawa su miƙa mulki. Ubana ya rasu ina goye, uwata ta yi wani aure a Kutawa, sai na zama ɗan ɗakin kakata, Iya Tabawa. In an yi lisha sanyi ya sauko, takan haɗa kara da kututture a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, mu yaran gidan mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta ruwa?" Mu ce, "Mu ne." Sai ta dube ni ta ce, "Kai dai maigidana ko cefane ba ka iya ba, balle saukar baƙi." A yi dariya. Ban ƙara samun wuri mai ɗumi irin wannan ba.

A shekarun nan ne wani Baturen mishan ya sauka a bayan gari. Dogo muke ce masa. Ya kafa rumfar magani inda kutare da masu gyambo suke zuwa, da wata bukka inda ma'aikacinsa, Malam Bulus, Bamaguje ne da ya bi addininsu, yake koya wa yara baƙaƙen boko da lissafi. Malamanmu ba su so abin ba, musamman da Dogo ya fara wa'azi ranar kasuwa, amma ana zuwa shan magani ana kau da kai. Baffa Iro da kansa ya kama hannuna ya kai ni bukkar, don yana son shiga wurin Bature. Ni kuwa karatun ya zauna mini. Malam Bulus har cewa yake za a kai ni gaba.

Dogo ya so ya kewaye wurinsa da waya mai ƙaya, ya yi lambu. Bai san ƙasa ba, sai ya tambayi Baffa inda iyaka take. Ni na riƙe bakin igiyar awo ranar. A gefen nan akwai burtali, hanyar da shanun Fulani suke bi zuwa mashaya tun kaka da kakanni. Shingen aguwar da aka dasa don ya nuna gefensa ya mutu a daidai wurin, baƙo ba zai gane ba. Gonar Baffa tana gaba kaɗan, kullum yana kukan shanu suna yi masa ɓarna. Da idona na ga ya taka tsakiyar burtalin ya ce, "Har nan, ranka ya daɗe. Ba mai shi." Aka kafa turaku, aka ja waya.

Bayan 'yan kwanaki Iya Tabawa ta yi mana tatsuniyar bushiya. Na lura ta ɗaga murya fiye da kullum, kuma Baffa yana bayan zana yana cin tuwo.

Wai bushiya ce ta zo daga wata ƙasa da jakar magani, tana neman masauki. Ta gamu da zomo, wanda ya shuka wake a bakin hanyar da giwaye suke bi zuwa tafki. Zomo ya kai ta tsakiyar hanyar ya ce, ga fili nan, ba mai shi. Bushiya ta yi godiya ta yi gida. Giwar da ta zo wucewa sai ƙaya ta soke ta, ta juya. Waken zomo ya yi yabanya har ya ba da sha'awa. Ran da ƙishirwa ta kai wa giwaye wuya suka taru za su rushe gidan, sai ga zomo a gaba da ganga, ya fi kowa zagin baƙuwa.

Muka ce, "Iya, ta mutu?"

Ta ce, "Ta dunƙule ta gangara. Shi ya sa har yau in ta ji motsi take ɓoye fuska."

"To zomon fa?"

"Zomo ya ci wakenai."

Na ce ai ba haka tatsuniya take ƙarewa ba, dole a kama shi. Ta tono gyaɗa ta miƙo mini, ta ce, "Ci, maigida. Wagga haka ta ƙare." Bayan zana muka ji an ajiye akushi da ƙarfi.

Rigimar ta fara a hankali. Makiyaya suka aiko a buɗe hanya. Dogo ya ce an nuna masa iyaka, ba zai cire ba, yana zaton ƙiyayyar addini ce kawai. Aka yanke wayar, ya sa aka ɗaura. Sannan wata saniya mai ciki ta Arɗo, shugaban makiyayan, ta sarƙe a ciki, ta yayyage har sai da aka yanka ta. Daga nan maganar shanu ta haɗu da maganar wa'azi, kowa ya fito da abin da ke cikinsa.

Da hantsi suka zo, muna cikin karatu. Makiyaya da sanduna, mutanen gari da duwatsu, Baffa Iro yana gaba. Malam Bulus ya kora mu waje ya tsaya a bakin bukka, suka sauke masa sanda a kafaɗa, hannun nan bai ƙara ɗaguwa ba. Dogo ya fito yana magana da Hausarsa mai tsami, dutse ya same shi a goshi, jini ya rufe masa ido. Aka cinna wa bukkar wuta da allunanmu a ciki, rumfar magani ta kama. Kutaren da suke jiran layi suka watse cikin kara, wasu da rarrafe.

Da la'asar aka taru a ƙofar masallaci. Arɗo mutum ne mai hankali, ya ce shi abin da yake so ya sani, wa ya nuna wa baƙo wurin nan, don baƙo ko da ido makaho ne. Ni da yarinta na buɗe baki na ce, "Ai Baffa ne ya..." Ban ƙarasa ba mari ya kwantar da ni. Baffa ya ɗaga ni da wuyan riga ya ce, "Kun gani? Sun ba shi ruwansu ya sha, ya bar salla, yanzu ƙarya zai yi wa ubansa." Ba wanda ya sake tambayata komai. Dogo ya kwashe Malam Bulus a mota suka tafi, ba su dawo ba. Masu magani suka koma gida da ciwonsu. Da aka buɗe makarantar hukuma a Kurfi, Baffa ya ce wanda boko ya riga ya lalata ba a ƙara masa, ya tura 'ya'yansa, ni ya ba ni fartanya.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan. Da ina ganin Iya ta yi jarumta. Da na girma sai na ji haushinta. Ta san komai, amma ɗanta ne, ba za ta kama sunansa ba, sai ta naɗe gaskiya a fatar zomo ta miƙa wa yara. Da ta aika wa Arɗo ko Dogo da kalma ɗaya, da Malam Bulus yana da hannunsa. Allah ya jiƙanta, ta ciyar da ni, amma tatsuniya ba ta kashe gobara. Abu ɗaya dai ba ta yi mana ƙarya ba: zomo ya ci wakensa. Shanu sun sake hanya tun lokacin, burtalin ya shige cikin gonar Baffa.

Bara Baffa ya tashi tafiya Makka, ya aiko a kira ni, kamar yadda ake neman gafarar dangi kafin a tafi. Na same shi a zaure, ya tsufa, mutane zaune gefensa. Ya ce, "Lawal, ka yafe mini abin da ka sani da wanda ba ka sani ba."

Na ce, "Baffa, wanda ban sani ba na yafe. Wanda na sani kuwa, ni na riƙe igiyar. Masallacin da ka kira ni kafiri yana nan inda ka bar shi. Ka je ƙofarsa ka faɗa wa mutane wanda ya taka burtali ya ce ba mai shi, sannan ka aiko a kira ni."